RA'AYI: Fijo 504 da Marsandi a Titin Bauchi: Darasin da tsohuwar gardamar direbobin Jos ke koya wa masu sayen motocin gwamnati

Duk wanda ya bi Titin Bauchi a birnin Jos da sanyin safiya, ya wuce ta gaban babbar tashar mota da harabar Jami'ar Jos ya doshi Naraguta, zai ga cewa motocin da ke lodin fasinja a yau Sharon ne da Golf da Vectra da dogayen bas-bas ƙirar Toyota. Sai ya leƙa bayan garejojin kanikawa, ko ƙarƙashin bishiya a ƙofar gidan wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, sannan zai tarar da ragowar motoci biyu da suka mallaki wannan titi shekaru arba'in da suka wuce. Ta farko Peugeot 504, wadda Bahaushe ya sauƙaƙa wa suna Fijo. Ta biyu Mercedes-Benz ƙirar W123, Marsandin da 'yan Najeriya suka laƙaba wa suna Regular domin bambanta ta da ƙanwarta mai suna V-boot. Wasu sun zama ɗakin kwanan kaji, wasu kuma har gobe suna tashi da bugu ɗaya.

Tsofaffin direbobi da kanikawan wannan yanki ba su gama gardama a kan motocin nan biyu ba. Ɓangare ɗaya na rantsuwa cewa Turawa ba su taɓa ƙera motar da ta dace da hanyar Afirka kamar Fijo ba. Ɗaya ɓangaren na ganin cewa haɗa Fijo da Marsandi raini ne ga Marsandi. Ana iya ɗaukar zancen a matsayin hirar masu kewar zamanin da ya shuɗe, amma akwai tambaya a cikinsa wadda ta shafi duk wani jami'i a Abuja da ke rubuta takardar neman sayen mota, ko ke sa mata hannu, ko ke zama a kujerar baya: da wane ma'auni ake gane motar da ta cancanci a kashe mata kuɗin jama'a?

Amsar da wannan sharhi ke karewa ita ce, Marsandi ta fi Fijo a matsayin mota, Fijo kuwa ta fi amfanar ƙasa, kuma dalilin fifikon na biyu ba ya cikin injinta kaɗai. Sai an bi bayanan motocin dalla-dalla kafin a ga inda maganar ta dosa.

Asalin motocin biyu

An gabatar da Peugeot 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma ta lashe kambun gwarzuwar motar Turai ta 1969. An ƙera fiye da miliyan uku. Faransa ta daina ƙera ƙirar salun a 1983, amma masana'antar Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekaru ashirin bayan masu ita sun juya mata baya.

Ita kuwa W123 ta fito a Jamus a watan Janairun 1976, aka ci gaba da ƙera ta tsawon shekaru goma, aka fitar da kimanin miliyan 2.7. Tsakaninta da Fijo akwai ratar shekaru takwas, kuma a harkar ƙere-ƙere shekaru takwas ba wasa ba ne. Ya kamata mai adalci ya riƙe wannan a zuciya: ana gwada motar ƙarshen shekarun 1960 ne, wadda aka yi wa matsakaicin ma'aikaci, da motar tsakiyar shekarun 1970 wadda aka yi wa mai hali.

Dukansu sun shigo Najeriya a kan gaɓa. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, aka bar tsarin Ingila, saboda haka motocin Faransa da Jamus masu sitiyari a hagu suka zama su ne daidai da hanya. Kuɗin man fetur na kwarara, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a farkon 1975, rancen sayen mota kuma na cikin haƙƙoƙin babban ma'aikaci.

Inji da gudu

Fijo 504 da aka fi sani a nan tana da inji mai silinda huɗu, lita 2, mai kafireta, da ƙarfin doki kimanin 95, nauyinta kuma bai wuce kilo 1,230 da kaɗan ba. Marsandi 200 ta farko ita ma silinda huɗu ce, lita 2, ƙarfin doki 94, amma nauyinta ya kai kimanin kilo 1,340. Idan aka raba ƙarfi da nauyi, kowane tan ɗaya na Fijo yana samun doki kusan 77, na Marsandi 200 kuwa 70. Dukansu suna ƙurewa ne a wajejen kilomita 160 a awa. Ke nan direban da ke cewa Fijo ta fi Marsandi zafin tashi bai yi ƙarya ba, matuƙar 200 ta farko yake nufi.

Daga 1980 lissafin ya sauya. Kamfanin Mercedes ya sa sabon inji, 200 ta koma doki 109, sannan ga 230E mai lita 2.3 da injekta, mai doki 136 da gudun da ya kai kilomita 180 a awa. Wannan doki 100 ke nan ga kowane tan. A saman su akwai 280E mai silinda shida da doki 185. Babu wata Fijo 504 da ta fito daga Kaduna da za ta iya bin ƙurar waɗannan a miƙaƙƙiyar hanya. Marsandi tana kuma da jerin injinan dizal, 200D da 240D da 300D mai silinda biyar, marasa gudu amma masu jimirin da ya sa suka zama tasi a ƙasashe da dama.

Jos tana ƙara wani abu a cikin lissafin wanda takardar kamfani ba ta faɗa. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, iska kuma tana raguwa da kauri yayin da ake hawa sama. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta tsayi. Fijon da ke da doki 95 a Legas tana aiki ne da abin da bai wuce 85 ba a Titin Bauchi. Ƙari a kan haka, kafiretar da aka saita a ƙasa takan riƙa ba da mai fiye da kima idan aka hau tudu, fulogi ya yi baƙi, mota ta riƙa shan mai. Kanikawan Jos sun san wannan tun kafin su san dalilinsa a kimiyyance, shi ya sa saitin kafireta ya zama fannin da ake alfahari da shi a garejojin garin. A lokacin hunturu kuwa, sa'ad da sanyin Disamba da Janairu ke sauka a kan Filato, mai Marsandin dizal ne ke fara jin jiki da asuba, domin sai injin ya ɗumama kafin ya yarda ya tashi.

Riƙon hanya

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma a nan ne kowane ɓangare yake da gaskiyarsa.

Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a Fijo salun mita 2.74 ce, a Marsandi kuwa ta kusa mita 2.80. Marsandi ta fi tsawo da nauyi, ƙafafunta huɗu kowace cin gashin kanta take yi, birkinta mai faifai ne gaba da baya. A kan lafiyayyar kwalta, idan gudu ya haura kilomita 120, tana zama daram kamar an ɗora ta a kan dogo, hayaniyar waje ba ta shiga, ƙofa kuma idan aka rufe ta sai a ji sautin ƙarfe mai kauri. Sitiyarinta yana da ɗan sako-sako a tsakiya, amma tana juyawa a ƙaramin fili fiye da yadda girmanta ke nunawa. Mai saukowa daga Hawan Kibo zuwa Akwanga, inda birki ke yin zafi saboda tsawon gangara, ya fi samun natsuwa a cikinta.

Fijo kuwa an gina ta ne da tunanin hanyar da ba ta da kyau. Sifirin ɗinta yana da doguwar tafiya sama da ƙasa, kujerunta masu laushi ne, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, farfelar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da ƙura. Sitiyarinta ya fi na Marsandi sanar da direba abin da taya ke takawa. Asalin salun ɗin ita ma tana da birki mai faifai a ƙafa huɗu da ƙafafun baya masu zaman kansu. Ita kuwa wagon, wadda ita ce sarauniyar tashar Titin Bauchi, an ƙara mata tsawo zuwa tazarar mita 2.90, aka ba ta aksul guda a baya wanda sifirin huɗu ke tallafe da shi, domin ɗaukar kaya. Motar da ke shan ramuka ba tare da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ba, ita ce direban haya ke so, domin a wurinsa lokaci kuɗi ne.

Tarihin tsere ya shaidi kowacce. Fijo 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ta kuma lashe gasar Bandama ta Kodebuwa da ta Maroko a shekarar. Marsandi 280E ta lashe doguwar gasar Landan zuwa Sydney a 1977 a hannun Andrew Cowan. Babu raguwa a cikinsu.

Inda babu gardama shi ne kariyar rai. An ƙera W123 da gaba da baya masu lanƙwashewa su shanye ƙarfin karo, da ɗakin fasinja mai tauri. Daga 1980 mai saye na iya neman birkin da ba ya kulle taya, daga 1982 kuma jakar iska ta kariyar direba. Fijo ba ta taɓa kai wannan matsayi ba. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne yadda aka yi amfani da ita. Wagon ɗin da aka yi wa mutum bakwai ko takwas har da direba, sai a cusa mata fasinja tara, a danƙara buhuna a baya har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, alhali birkin bayanta mai ganga ne, sannan a sake ta a gangaren Panshanu. Iyalai da yawa tsakanin Jos da Bauchi da Gombe da Maiduguri suna tuna Fijo wagon da hawaye. Wanda zai yabe ta ya haɗa da wannan.

Wa zai gyara ta a Magama Gumau?

Idan aka tsaya a nan, Marsandi ta yi nasara: ta fi ƙarfi a manyan ƙirarta, ta fi natsuwa, ta fi kariya, ƙarfen jikinta ya fi jure shekaru. To me ya sa Fijo ce ta cika tasha, ta cika harabar ma'aikatu, ta zama motar 'yan sanda da ta asibiti da ta ɗaukar amarya?

Amsar tana bayyana ne ranar da mota ta mutu a hanya. Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo. Idan Fijo ta tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa bayan magariba, akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, akwai kuma shagon da ke da abin da ya lalace. Injinta mai sauƙin sha'ani ne. Silindojinsa hannayen ƙarfe ne da ake zarewa, don haka idan inji ya gaji ba sai an kai shi wurin masu injin gogewa ba. A sayo sabbin hannaye da fistin, a zare tsofaffin, a zura sababbi, inji ya koma sabo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Yaron da ya yi shekara biyu yana koyon aiki zai iya kwance kafiretarta ya wanke ya mayar.

Marsandi ba ta cika lalacewa ba, amma ranar da ta lalace sai mai ita ya san ya yi sayayya. Injektar 230E, ƙirar Bosch, tana son tsabtataccen mai da ma'aunin matsin mai da hannun da ya ƙware. Makullan ƙofofinta da iska suke aiki, ƙaramar ɓula a siririn tiyo na iya sa a kwana ana nema. Kayan gyaranta daga waje suke zuwa, da kuɗin waje. Wanda Marsandinsa ta mutu a Nabordo yakan bar ta ne a hannun mai gadi, ya shiga Fijo ya koma Jos neman bakanike.

Wannan yalwar kayan gyara da ƙwararru ba daga sama ta faɗo ba. Gwamnati ce ta shuka ta. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, kuma Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin Filato, shi ya buɗe masana'antar a Kakuri ta Kaduna a watan Maris na 1975. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwan Legas a wancan lokaci, sai da aka riƙa ɗauko sassan motocin a jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano. Masana'antar na cikin guda shida da gwamnatin tarayya ta kafa tare da kamfanonin waje: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai harhaɗa manyan motocin Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, can ƙarshen wannan titi da ake magana a kai.

Sannan gwamnati ta zama babbar mai saye. Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, a cikin baƙar Marsandi 230.6 aka harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, makonni kaɗan bayan fitowar W123, kuma motar tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage ƙawa da almubazzaranci, Fijo 504 ta zama motar manyan jami'ai har da shugaban ƙasa. Da babban sakatare da kwamishina da shugaban jami'a duk mota iri ɗaya suke hawa. Sakamakon haka, motar da ma'aikata ta yi gwanjonta bayan 'yan shekaru sai ta koma hannun ɗan kasuwa, daga nan ta koma tasha, a kowane mataki kuma tana ciyar da bakanike da mai sayar da kayan gyara da mai gyaran bodi da ɗan kamasho. Naira ɗaya da gwamnati ta kashe a Kaduna takan zagaya sau da dama kafin ta ƙare a Titin Bauchi.

Abin da kewa ke ɓoyewa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu kewar zamanin Fijo sukan tsallake wani ɓangare na labarin. Akasarin muhimman sassan motar, musamman inji da giya, daga Faransa suke zuwa. An samu kamfanonin gida masu samar da taya da batir da gilashi da kujeru, amma ƙashin bayan sana'ar, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ake yin bodi da shi, bai samu ba, domin masana'antar Ajaokuta ba ta kai ga kammaluwa ba. Masana'antar mulmula ƙarfe ta Jos ma rodin gini aka yi ta domin shi. Da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, farashin sassan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashin ma'aikacin da aka yi ta dominsa. Motocin hannu daga Beljiyam da Kwatano suka cike gurbin, cikinsu har da tsofaffin Marsandi, waɗanda a lokacin ne talaka ya fara samun damar mallakarsu.

Akwai kuma laifin kamfanin kansa da na masu ba shi kariya. Mai sayar da kayan da ya tabbata gwamnati za ta saya ko da yaya, ba ya jin matsin inganta su. An ci gaba da sayar wa 'yan Najeriya ƙirar 1968 har bayan shekara ta 2000, da 'yan sauye-sauyen fitila da kujera, alhali duniya ta yi nisa a harkar tsimin mai da kariyar fasinja. Manyan ƙasa ma ba su daɗe a kan alƙawarin ba. A Jamhuriya ta Biyu Marsandi ta dawo da ƙarfinta, har aka laƙaba wa babbar ƙirarta sunan Shagari. Tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi da aka fara a 2003 ya rage sayen motocin ofis, a 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin na Kaduna, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008.

Saboda haka darasin ba shi ne a koma ƙera 504 ba, ba kuma shi ne duk abin da aka harhaɗa a gida ya cancanci a saya ido rufe ba. Darasin shi ne, ikon sayayya na gwamnati babban makami ne wanda ya taɓa gina sana'a sukutum a ƙasar nan, ya kuma rushe ta sa'ad da aka yi amfani da shi ba tare da sharaɗi ba, sannan aka janye shi ba tare da shiri ba.

Inda zancen ya shafi Abuja

A watan Oktoban 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sayo wa 'yan Majalisar Tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, manyan motocin Toyota daga waje, waɗanda kafofin yaɗa labarai suka ruwaito cewa kowace za ta kai kimanin naira miliyan 160. Hujjar masu kare matakin ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, kuma motocin waje sun fi ƙarko. Wannan ita ce hujjar mai Marsandi a gardamar Titin Bauchi, kuma kamar yadda aka gani, ba ƙarya ba ce. Sai dai hujja ce ta mai sayen mota da kuɗin aljihunsa. Wanda ke saye da kuɗin jama'a yana da ƙarin tambayoyin da dole ya amsa.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai kula da ita. Akwai Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na watan Mayun 2017, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a wasu rukunan kaya, har da motoci, ya tafi ga na gida. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartaswa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsayawa a kan magana ɗaya. Manufar bunƙasa harkar motoci ta 2013 ta ɗora haraji kashi 35 da ƙarin kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe, masu zuba jari suka kafa wuraren harhaɗawa bisa wannan alƙawari, sai Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin zuwa kashi 5. Babu mai kafa masana'antar da za ta ɗauki shekaru ashirin kafin ta mayar da jari a ƙasar da ƙa'ida ke sauyawa kafin fenti ya bushe.

Sau da yawa ba a zauren majalisa ake yanke hukuncin ba. A kan teburin jami'in sashen sayayya ake yanke shi, a layin da aka rubuta irin motar da ake buƙata. Idan aka tsara bayanin ta yadda ƙira ɗaya tak daga Japan za ta cika shi, to an rufe ƙofa ga Innoson ta Nnewi da masu harhaɗa Peugeot a Kaduna da sauransu tun kafin a buga tallar kwangila. Hadimin da ya gaya wa maigidansa cewa darajar ofishinsa ba za ta cika ba sai da jerin manyan motoci, shi ma ya sa hannu a wannan hukunci ko da bai riƙe biro ba.

Ma'aunin da direbobin Jos suka yi amfani da shi shekaru da dama ya isa ya zama jagora. Na farko, a auna kuɗin da mota za ta ci tsawon rayuwarta, da mai da taya da gyara da kwanakin da za ta yi a ajiye tana jiran kaya daga waje, a daina tsayawa a kan farashin ranar saye. Harabar ma'aikatu da dama a Abuja cike take da motocin da ba su tsufa ba, ƙaramin sashe ɗaya na lantarki ne ya kwantar da su. Na biyu, a rage yawan ire-iren motocin da gwamnati ke saye, domin kayan gyara da ƙwarewa su taru a kan 'yan ƙira kaɗan, kamar yadda suka taru a kan 504. Na uku, duk kamfanin gida da zai ci moriyar kwangila a ɗaure shi da sharaɗi a rubuce: adadin sassan da zai riƙa samarwa a gida shekara bayan shekara, wuraren gyara a kowace shiyya, da horar da kanikawa. Na huɗu, wanda aka koya daga Marsandi, kada a yi rangwame a kan kariyar rai. Motar gida da ba ta cika ma'aunin kariya ba, kada kishin ƙasa ya sa a zuba ma'aikata a cikinta.

Ma'aikacin da ke tara kuɗi domin sayen motar kansa, a wannan zamani da litar mai ke cinye kaso mai tsoka na albashi, shi ma yana da rabo a cikin wannan hira. Kafin ya tambayi dillali ƙarfin inji da shekarar ƙira, ya fara zuwa Apo ko wurin bakanikensa ya tambayi farashin kayan gyaranta da yawan masu iya taɓa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsofaffin direbobin Titin Bauchi za su ci gaba da gardamarsu a wurin mai shayi, kuma babu alamar wani zai sallama. Abin lura shi ne, ko waɗanda suka fi kowa yabon Marsandi a cikinsu, da kuɗin lodin Fijo akasarinsu suka gina gidajensu a Unguwar Rogo da Nasarawa, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali. Jami'in da takardar sayen motoci ke jiran sa hannunsa a wannan mako yana iya tambayar kansa, shekaru goma bayan an yi gwanjon waɗannan motoci, gidan wa za su gina.